Kwandon Dubiya da Jirgin Yayana

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da magani, Ya kuma ba kowannensu hanyar da zai bi a jikin ɗan Adam. Abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru kafin fitinar da ta watsa mutane daga gidajensu, lokacin da mutum kan hau mota a Rusairis da sassafe ya yi sallar la'asar a Wad Madani ba tare da fargaba ba.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da yayana. An haife mu a wani ƙauyen Hausawa kusa da Hasahisa, inda tsohonmu yake da hawasha, gonar da yake noma auduga da dawa a cikinta da ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa. Ni na zauna gaban tsoho na riƙe allo da alƙalami. Shi kuwa Yaya tun yana saurayi ya ce fartanya ba ta karɓe shi ba. Ya bi wasu masunta ya yi kudu, har bakin tafkin da madatsar Rusairis ta tara, ya zauna a can. Bayan rasuwar iyayenmu na bi shi da iyalina, danga ɗaya ta raba gidana da nasa.

Jirginsa na katakon bagaruwa ne. Shi ya zaɓi itacen da kansa, ya tsaya a kan masassaƙi har aka buga ƙusar ƙarshe. Da jirgin nan ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka ya dawo. Bai taɓa jefa birgi a zaune ba. Yakan tsaya a goshin jirgi, ƙafa ɗaya gaba, ya karkace ya saki, birgin ya buɗe kamar faifai ya kwanta a kan ruwa. Matasan masunta kan dakata da nasu aikin su kalla.

Hawan jini ya same shi yana da sauran ƙarfinsa, ciwon da a nan kowa ke cewa dagat. Ya yi shekaru yana haɗiyar wata 'yar farar ƙwaya kowace safiya, ba abin da ta hana shi. Aibinta ɗaya, busasshen tari da ya maƙale masa a wuya, har ya zama idan an tayar da salla ana sanin inda yake a sahu ba sai an duba ba. Da tarin ya ishe shi, hakim na ɗakin maganin ƙauyenmu ya ce daga ƙwayar ne, ya canza masa wata mai launin jar ƙasa. Tari ya ɗauke. Wannan a farkon sanyi ne.

Muna da ɗan gwaggo, ɗan ƙanwar mahaifinmu, mai jinena a bakin kogi ƙasa da madatsar. Lambu ne babba, da mangwaro da ayaba da gwaiba, amma abin alfaharinsa shi ne itatuwan gireb, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci da 'yan uwanmu na yamma ke kira garehul. Taubashinmu ne, da zagin juna muka girma. Sai dai tun ranar da babban ɗan Yaya ya auri ɗiyarsa, wasa ya mutu tsakaninsu su biyu. Sun zama surukai. In sun haɗu sai doguwar gaisuwa, kowa ido a ƙasa, ba mai cin abinci gaban wani. Wasan ya saura tsakanina da shi kawai. Yana ce mini mai tawada, ina ce masa ɗan mace.

Da ya ji an canza wa Yaya magani, sai ya ɗauka ciwo ne ya yi nauyi. Ya taɓa jin cewa gireb yana wanke jini yana saukar da dagat, don haka ya cika kwando ya aiko a amalanken jaki da sunan dubiya. Ɗiyar tasa a gidan Yaya take zaune, domin mijinta raksha, keken haya mai ƙafa uku, yake tuƙawa a Damazin, sai ranar Alhamis yake dawowa. Ita ce kowace safiya take matse lemon nan ta cika babban kofi, ta kawo wa surukinta, ta durƙusa a gefe har sai ya sha ta karɓi kofin. Yaya ba ya son ɗacinsa. A da, in an yanka, yakan ɗauki ɓari ɗaya don kada a ce ya ƙi. Amma abin da ya fito daga lambun suruki, ta hannun ɗiyar suruki, ba a mayar da shi. Da ruwan nan yake kora ƙwayarsa, ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki birgi ya fita.

Ba a daɗe ba ya fara kukan ciwon kai. Fuskarsa takan yi zafi, zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar wanda ya yi gudu, ƙafafunsa suka ɗan kumbura har takalmi ya matse shi. Wata hantsi ya miƙe a goshin jirgi zai jefa birgi, sai duhu ya rufe masa ido. Ya faɗi, haƙarƙarinsa ya bugi gefen jirgin, rabin jikinsa ya shiga ruwa. Allah Ya sa akwai masunta kusa, suka cafo shi ta riga. A kan kafaɗu aka shigo da shi gida.

Ranar da ɗansa ya dawo daga Damazin bai yi shawara da kowa ba. Ya tara samari suka jawo jirgin daga ruwa, suka kife shi ƙarƙashin wata tsamiya, don ya san muddin yana kan ruwa ubansa zai sulale ya shiga. Ya same ni a gida ya ce akwai wani masunci da yake son jirgin, kuma shi yana ganin a sayar. Ban ga laifinsa ba. Ɗa ne da ya kusa rasa ubansa. Na roƙe shi ya dakata, ya ce zai dakata, amma ni ma na san jirgin katako ba ya jiran mutum a tudu. In zafin bazara ya same shi a bushe, katakon zai ja baya, ya tsattsage, ba zai amfani mai shi ba balle mai saye. Muka tsaya a kan cewa in iskar zafi ta fara kaɗawa Yaya bai miƙe ba, jirgi ya tafi.

Daga ranar na ɗauki wani aiki. Bayan sallar asuba nakan ɗebo ruwa in jiƙa tsofaffin buhuna in lulluɓe jirgin da su. Yaya yana kwance a kan angareb, gadon nan na igiya, ƙarƙashin rumfa, yana jin ƙarar bokitina ta bayan danga. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, sai wata rana da ya ce in riƙa zubawa sosai ta wajen goshi, can ne ya fi shan rana.

Shi kuwa mai jinena, da labarin faɗuwar ya kai gare shi, sai ya ninka dubiya. Kwando yana ƙarewa wani yana isowa. Kofin safe ya samu ɗan'uwa na yamma. Yaya ya kai in ya tashi daga sujada sai ya dafa bango, daga baya ya koma salla a zaune. Na rubuta masa ayoyin waraka na wanke na ba shi, ya sha, muka yi ta addu'a. Ba na shakkar rubutu, amma na san Allah Yana ajiye sauƙi a cikin wani sababi, kuma mu ba mu kai ga sababin ba tukuna.

Muka yanke mu tafi Wad Madani wurin likitar zuciya da aka ba mu labari. Muka sauka a gidan wani ɗan'uwa a unguwar Hausawa. Likitar ta yi tafiya, ga kuma layi, sai da muka shafe kusan mako muna jira. A cikin jiran nan na ga abin mamaki. Kwana biyun farko Yaya yana kwance. Bayan haka ya fara zama a ƙofar gida. Kafin ranar ganin likita ta zo, da ƙafarsa yake zuwa masallaci, har wata la'asar ya ja ni bakin kogi ya tsaya yana kushe yadda masuntan Madani ke jefa birgi.

Likitar mace ce mai matsakaitan shekaru, ba ta ɗaga murya. Ta auna jininsa yana zaune, ta auna yana tsaye, ta saurari ƙirjinsa, ta tura mu gwaje-gwaje. Komai ya fito daidai. Ta tambaye shi ko yana shan wani magani ban da wannan, ya ce babu. Ta tambayi saiwoyi da jiƙe-jiƙe, ya ce sai rubutun ƙanensa. Ba wanda ya tuna da kofin safe a cikinmu, domin a wurinmu wannan ba magani ba ne, ba ma abinci ba ne, gaisuwa ce. Ta ce ya ci gaba da ƙwayarsa, in abin ya dawo mu dawo.

Muka koma gida da murna. Aka tarbe mu da guɗa, surukarsa ta durƙusa da kofi cike. Kafin Juma'a ta zagayo Yaya ya koma kan angareb.

Nan magana ta yi yawa a ƙauye. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka gaji da shi, wasu suka ce baki ne. Ɗansa ya zo mini da hujjar da na kasa turewa.

"Baffa, kai ma ka gani da idonka," in ji shi. "In ya yi nisa da tafkin nan lafiyarsa lau. In ya dawo ya kwanta. Mi ya rage? A sayar da jirgi in ɗauke shi in kai shi gari."

Na ce likita ta ce mu dawo, kuma ba mu koma ba tukuna. Ya ce to, amma wannan ce ta ƙarshe. Sanyi ya riga ya fara sakin jiki. Buhunan da nake jiƙawa da asuba kafin azahar sun bushe ƙayau.

Ranar da za mu tafi, muna tsaye a bakin hanya muna jiran mota, sai ga amalanken jinena. Wannan karon buhu ne guda, an ɗinke bakinsa. Saƙon da ya biyo shi shi ne, wannan na likita ne, ba a shiga wurin mai ilmi hannu sake, kuma a gaya mata daga wane lambu ya fito. Na yi ta mita a hanya, domin ni na ɗauki buhun nan daga mota zuwa raksha, daga raksha zuwa ƙofar asibiti. Da aka kira mu na ja shi har cikin ɗakin likita na jingine a bango, ina haki, na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni.

Ta yi godiya, ta buɗe bakin buhun ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Sai na ga ta dakata. Ta dubi lemon, ta dubi kwalin maganin da ke kan teburinta, ta dubi Yaya.

"Ya Hajji, kana shan wannan?"

Ya ce yana sha.

"Kamar yaya?"

"Kofi da safe, kofi da yamma. Da shi nake haɗiye ƙwayar."

"Da kuka zo wancan karon kuka yi kwanaki a nan, ka sha?"

Muka dubi juna. Wa zai matsa masa a Madani? Ta ajiye lemon a kan tebur kusa da kwalin, ta yi 'yar dariya ba ta raini ba, ta ce jiri ya biyo mu har ɗakinta a cikin buhu.

Da Larabci ta yi mana bayani, ni kuwa zan faɗe shi da Hausa gwargwadon yadda na riƙe. Ta tambayi inda muke zaune, muka ce gefen madatsa. Ta ce to mun san ba duk ruwan da ya zo ake sake wa kogi ba, akwai masu tsaron ƙofofi da ke tare wani su saki wani. Haka Allah Ya yi jikin mutum. A bangon hanji da cikin hanta akwai wasu ma'aikata ƙanana da ido ba ya gani, aikinsu su farfasa abin da aka haɗiya. Irin wannan ƙwayar, in ta sauka, sukan cinye wani kaso nata kafin ta kai ga jini. Masu yin magani sun san da haka, da lissafin wannan ragin suka auna ƙwayar. Shi kuwa gireb yana ɗauke da wani abu da ke kashe ma'aikatan nan na hanji. In sun kwanta, ƙofa ta zauna a buɗe, abin da ya kamata a rage ya wuce gaba ɗaya. Mutum ya sha ƙwaya ɗaya, jikinsa ya karɓi fiye da ɗaya. Jijiyoyi su saki fiye da kima, jini ya faɗi, in ya miƙe tsaye bai kai ga kai da wuri ba, duhu ya rufe ido.

Na tambaye ta ko za a iya raba su, ƙwaya da safe, lemo da dare. Ta ce ba ya yi, domin jiki sai ya ƙera sababbin ma'aikata, kuma hakan yana cin kwanaki. Shi ya sa Yaya bai miƙe ranar da muka iso Madani ba sai bayan kwana biyu ko uku. Na ce to ai shekaru yana ɗanɗana lemon nan ba abin da ya same shi. Ta ce farar ƙwayar da ya bari ba ta bi ta hannun waɗannan ma'aikata ba, tana gama aikinta ƙoda ke fitar da ita yadda ta shiga, don haka ba ruwanta da gireb. Ta ƙara da cewa ba lemo kaɗai ba, akwai wasu magungunan ciwon ƙirji da na maƙogwaro da ke rufe aikin ma'aikatan nan, akwai kuma maganin tarin fuka da ke zuga su har su cinye ƙwayar ta rasa amfani. Duk wanda zai ba shi wani magani, ya fara nuna masa wannan kwalin. Lemon zaƙi da ayaba da mangwaro kuwa ya ci abinsa.

Ni farin ciki ya cika ni har ina jin kamar in yi sujada a wurin. Na juya na ga Yaya ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, abin da ya roƙa shi ne ta canza masa ƙwayar ta bar masa lemon.

Ta yi mamaki, ta tambaya ko daɗinsa yake ji haka. Ya ce ko kaɗan. Na bayyana mata wanda yake aikowa da wadda take matsawa. Ta jinjina kai, ta ce tana iya canzawa, amma wannan ta karɓe shi, ta gani da idonta a zuwanmu na farko. Farar ta sa shi tari. In ta ba shi ta uku sai an sake zaman gwaji, a ƙara a rage, ya yi ta hawa mota yana sauka har wata da watanni. Yaya ya san watanni nawa suka rage wa jirginsa. Ya janye roƙonsa. Ta ce kada ya kuskura ya bar ƙwayar, kofin zai bari. Buhun kuwa ta ce ta karɓa, ita ba ta shan maganin dagat.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Sinnar. Sannan Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi ba zai iya aika wa surukinsa cewa alherinsa ne ya kayar da shi ba. Ba zai kuma iya duban yarinyar nan da ke durƙusa masa safe da yamma ya ce mata hannunta ne ba.

"Gara jirgin ya tsage," in ji shi.

A gida matarsa ta ba da shawarar a riƙa karɓa ana zubarwa a bayan rumfa. Ya ce yarinyar ba ta tashi sai ta karɓi kofi, kuma shi ba zai tsufa yana yaudarar ɗiyar mutane ba. Washegari da safe ya ce wa yarinyar yana azumi. Na san ba zai yi ta azumi har bazara ba. Na sa takalmina, na ɗauki kwalin maganin na jefa a aljihu, na hau mota zuwa jinena.

Na same shi ƙarƙashin itatuwan gireb ɗin, yana gyara hanyar ruwa, wando a naɗe.

"Mai tawada," in ji shi. "An gama shanye alluna an fito neman na banza?"

"Ɗan mace, na zo in ga inda ake noma jiri."

Ya yi dariya, ya sa aka kawo jabana, wato gahawa. Sai da muka sha kofi na farko, na ba shi labarin buhunsa, yadda ya kusa karya mini baya, da yadda likita ta shinshina ta ce ba ta taɓa ganin mai kyansa a kasuwar Madani ba. Wannan gaskiya ne, ta faɗa muna fita. Ya gyara zama, ya ce ai ya sani. Daga nan na ci gaba da sauran labarin, ban rage komai ba.

Dariya ta bar fuskarsa. Ya ce wannan maganar banza ce. Shi ma yana da dagat, shi ma yana shan ƙwaya, kuma ba ranar da ba ya cin gireb biyu, ga shi yana haƙa rami. Ya ce in dai ƙyashin lambunsa nake yi in faɗa kawai. Na ce ya kawo tasa ƙwayar. Ya tashi a fusace ya shiga ɗaki ya fito da ita. Na ciro ta Yaya na ajiye kusa da ita a kan tabarma. Tasa fara ce ƙarama, irin wadda Yaya ya bari saboda tari. Na ce masa tasa ta ƙoda take fita, ta ɗan'uwansa kuwa sai ta bi ta hannun masu tsaron ƙofa, na maimaita masa zancen madatsa kamar yadda na ji shi. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe ruwa yana toshewa, bai buƙaci in faɗa sau biyu ba.

Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin nan biyu. Sannan ya tambaya a hankali ko ranar da Yaya ya faɗa ruwa ya sha kofin. Na ce ya sha. Ya ce inna lillahi, ya rufe fuska da hannu. Na bar shi har ya sauke.

"Shi ya aiko ka?"

"Bai san na zo ba. Cewa ya yi gara jirginsa ya tsage da ka ji wannan magana."

"Wawa," in ji shi, idonsa ya yi ja. "Tun muna yara wawa ne. Ni zai kashe kansa don kunyata?"

Rabon da in ji ya zagi Yaya tun kafin auren 'ya'yansu. A nan na san an gama. Ya ce kwando ba zai fasa zuwa ba, kada ma wani ya sa ran haka, sai dai abin da ke ciki ya canza. Ɗiyarsa kuwa shi zai gaya mata da bakinsa, don kada ta ji daga wani ta ɗauka laifinta ake gani. Ya kuma ce in gaya wa surukinsa ba kyauta ba ce daga yau. Kifin farko da birgi ya kama nasa ne.

Washegari ya zo da kansa, ya keɓe da ɗiyarsa a ɗakinta. Ta fito idonta jiƙe, ta je ta durƙusa gaban Yaya. Ya ce mata Allah Ya yi mata albarka, duk gidan nan ba wanda ya yi jinyarsa kamarta, kuma gobe yana son shayi da madara daga hannunta.

Sauƙi bai zo a rana ɗaya ba. Ciwon kai ya fara tafiya, sannan zafin fuska. Kumburin ƙafa ya fi daɗewa. Wata asuba na shiga masallaci na gan shi tsaye a sahun farko, ba ya dafa komai. Hakim na ƙauye ya riƙa auna shi a zaune da a tsaye, yana cewa jini ya zauna inda ake so. Ɗansa bai yarda da wuri ba. Ya ce a Madani ma haka ya miƙe. Na ce wancan karon nesa da tafki ya miƙe, wannan karon ga tafki nan yana kallonsa. Ya ce zai gani.

Iskar zafi ta fara kaɗawa a makon da mai son jirgin ya zo da mutanensa su duba katako. Suka same mu a gindin tsamiya mun riga su. Yaya ya sa an birkice jirgin, yana bin haɗin katakon da yatsa yana cusa tsumma da kwalta inda ya buɗe. Wajen goshi ya ɗan yi baki, amma bai tsage ba. Ya gaishe da baƙin da kyau, ya ce tunda Allah Ya kawo su da ƙarfinsu, su taimaka a tura. Mutumin ya dubi ɗan Yaya. Ɗan ya dubi ubansa ya daɗe, sannan ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya kama gefe ɗaya. Aka tura har da mai saye.

Sai da jirgin ya kwana biyu a ruwa katakon ya sha ya kumbura ya daina yoyo. A safiya ta uku Yaya ya haɗiye ƙwayarsa da ruwan randa, ya ɗauki birgi. Ɗansa ya ce shi zai yi tuƙi, bai koma Damazin ba saboda wannan. Rabin ƙauye ya fito bakin tafki. Mai jinena yana cikinsu, ya tsaya can gefe da kwandonsa na ayaba.

Suka yi nisa kaɗan, inda muke iya ganinsu sarai. Na ga Yaya ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya tsaya jim, kamar yadda likita ta ce ya riƙa yi, ɗansa ya saki filafili ya matso da hannu a shirye. Bai buƙace shi ba. Ya sa ƙafa ɗaya gaba, ya karkace, ya saki. Birgin ya buɗe gaba ɗaya ya kwanta a kan ruwa. Matarsa ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa. Ni kuwa hamdala nake ta maimaitawa.

Da hantsi suka dawo da karfasa da tarwaɗa, da wani giwan ruwa matsakaici. Yaya ya sauko da ƙafarsa, ya riƙo giwan ruwan ta baki, ya ratsa mutane har gaban surukinsa. Kowa yana jiran doguwar gaisuwar nan ta ido a ƙasa. Ya juye ayabar a kan tabarma, ya saka kifin a cikin kwandon, ya miƙa masa.

"Ga naka, ɗan mace," in ji shi. "Ka ci a hankali. Nawa ba ya sa jiri."

Mai jinena ya karɓa, ya juya kifin ya duba, ya ce ƙarami ne, gobe a kawo wanda ya fi shi. Yaya ya ce gobe sai ya zo ya yi tuƙi da kansa. Suka ci gaba a haka, ni kuwa na koma gindin tsamiya na kwashe buhunana na kai gida.